Murhun Ƙarfe da Itacen Inna

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ajiye wuta a cikin ɗanyen itace, ya raba shekara tsakanin zafi da ɗari domin bawa ya san rauninsa a cikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda wata kan kama har ya shuɗe ba a hura wuta a ɗakunansa ba, bai kuwa yi ƙorafi ba, tare da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ɗarin bana ya shigo da ƙarfinsa. Shekaranjiya da na fito alwala, matar ɗana ta murɗa kan tukunyar gas, kafin in gama laluben takalmina ruwa ya yi ɗumi. Na zauna da buta a hannu ina kallon wannan shuɗiyar wuta marar hayaƙi, sai zuciyata ta koma wani hunturu na farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba, shekarar da azumi ya faɗo a bakin sanyi. A hunturun nan ne na yi fama da sha'anin ɗumama ɗakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Har yau idan na tuna, sai in ji ragowar takaicin yana motsi a ƙirjina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a tsakiyar filayen noman rani. Ruwan kanal alheri ne, babu mai musun haka, amma ya daɗe yana tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa har ya ci gindin katangu da yawa. A daminar wannan shekara ɗakin Inna ya zube, Allah ya kiyaye tana tsakar gida tana tsintar wake. Ɗaki ne na ƙasa mai rufin azara, tun na zamanin mahaifinmu, kuma a cikinsa akwai gadon ƙasa, irin wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi da magariba, ɗumin ya riƙe bayan mai kwanciya har gari ya waye. A kansa ta yi hunturu fiye da yadda zan iya tunawa.

Ƙanena Sabi'u, autanmu, yana sayar da kayan gini a wajen Kumbotso, kuma Allah ya buɗa masa. Shi ya tayar da sabon ɗaki da bulo, ya shafe ƙasa da siminti, ya rufa kwano, ya sa ƙofa da taga na ƙarfe. Ranar da aka shigar da ita, Inna ta dubi kusurwa huɗu, ta ce, "Auta, ina gadona?"

Ya ce, "Ga shi nan, Inna, na ƙarfe, ga katifa sabuwa dal."

"Katifar tana da wuta a ciki?"

"Haba Inna, a fasa simintin nan a kwaɓa laka a kai? Ai sai a yi mini dariya a Kano."

Ta ce, "To, kada a yi maka dariya."

Da kaka ta wuce, iska ta juya, sai aibin ɗakin ya bayyana. Da rana kwano ya ɗauki zafi, da asuba kuwa simintin ya zama kamar gindin randa. Inna ta haura tamanin, tana da sanyin ƙashi, kuma tari kan kama ta duk shekara. Ga shi ba ta yarda da taimama ba. Na sha gaya mata cewa shari'a ta yi rangwame ga wanda ruwan sanyi zai cutar, sai ta ce, "In shafa ƙasa, ga ruwa yana gudu a bayan gida? Kai dai ka yi ta karatunka." Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, daga "kai" sai "malamin gidan nan". Idan babu ruwan ɗumi, da na randa take alwala, yatsunta su ƙage, ta kasa jan carbi sai hantsi.

Wata Juma'a bayan la'asar, a farkon azumi, muka zauna a ƙarƙashin rumfa, ni da Sabi'u da maiɗakina Hajara, domin a yanke shawara. Sabi'u ya ce hita ta lantarki zai kawo, a jona kawai, babu toka babu hayaƙi. Na ce masa, "Wace lantarkin? Wadda take zuwa ranar da ta ga dama, ta tafi kafin a gama yi mata sannu da zuwa?" Hajara ta ce a koma ga abin da aka sani, kaskon gawayi a tsakar ɗaki. Wannan ma na ƙi. A ɗakin ƙasa hayaƙi yana samun hanya ta azara da bakin ƙofa, amma ɗakin da aka toshe da ƙarfe da siminti, gawayi kan sace numfashin mai barci ba tare da ya farka ba, kuma mun sha jin haka ta faru.

Ni abin da na kawo shi ne murhun ƙarfe mai ƙofa, wanda hayaƙinsa zai bi bututu ya fita ta bango, samansa kuma shimfiɗe yadda buta za ta zauna. Na taɓa ganin irinsa a wurin wani mai walda a Kura. Na ce kuma a haɗa shi da risho da galan na kananzir, saboda ranar da itace ya jiƙe ko ya yanke. Na auna al'amarin ne yadda aka koya mana auna mas'ala: akwai asali, akwai madadi, idan aka rasa na farko a koma ga na biyu. Sabi'u ya yi dariya ya ce, "Yaya, har murhu ma sai an yi masa babi da fasali?" Amma ya yarda. Har gobe kuma ina ganin shawarar nan daidai ce, babu inda ta karkace.

Na je Kura da kaina. Injinan casar shinkafa suna ta ruri, tsibin ɓuntu a bayansu yana hayaƙi a hankali. Mai waldar, sunansa Ɗanladi, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Allah gafarta Malam, gidan burodi za a buɗe?"

Na ce, "Tsohuwa za a ɗumama."

Ya ce, "To a dai bi a hankali, kada a gasa ta."

Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya yi masa ƙafafu, da raga a ciki, da aljihun toka a ƙasa. Bakinsa ƙarami ne, ba ya karɓar komai sai faskare gajere, kamar tsawon kamu ɗaya. Aka ɗauko shi a bayan akori-kura, magini ya huda bango, aka zura bututu aka liƙe da siminti. Yara da manya suka cika gidan suna kallo.

Saura itace, kuma nan ne wuyar take. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ga kore ko'ina ya ɗauka itace a banza yake. Alhali tun da aka baje filaye domin ruwa aka tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, sai 'yan tsiraru a bakin gari. Girkinmu da karan dawa ne da na masara da busasshen kashin shanu. Itacen kirki sai wanda motoci suke kawowa daga dazukan kudu, kuma a shekarar ya yi tsadar da magidanta da yawa suka haƙura da shi. Sabi'u ya sayo lodi guda, marke da ƙirya, masu nauyi, masu riƙe garwashi. Aka faskara, aka jera a bayan ɗakin Inna har ya kusa taɓa kwano. Na duba na ce a raina, wannan zai kai mu bazara.

Inna ta fito da sandarta tana dubawa. Sabi'u, cikin jin daɗi, a gaban mai faskare da matan maƙwabta, ya ce, "Inna, ga itacenki."

Ta ce, "Nawa?"

"Naki ne, halak malak."

Ta ɗora tafin hannunta a kan jerin, ta ce, "Na karɓa. Allah ya yi maka albarka."

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na sani. Hajara kan hura murhun kafin magariba, a sha ruwa, ɗakin ya ɗauki ɗumi mai tsabta, babu yajin hayaƙi a ido. Lokacin sahur ta ƙara faskare biyu, buta tana kai, Inna ta yi alwala da ruwa mai ɗumi, ta idar da sallarta a tsaye. Ni kuma in idar da tawa a masallaci in wuce gona, domin mun shuka alkama, ga tumatir yana fure. Ban ruwa a wannan lokaci azaba ce. Ka tsoma ƙafa a ruwan kanal ka ji kamar an sare ta, faso ya buɗe a dunduniya, yatsu su kasa riƙe fartanya, ga azumi a baki, leɓe ya tsage. Amma ina tafe ina jin sanyi a jiki da natsuwa a zuciya, domin na san uwata tana cikin ɗumi.

Bayan sallah da 'yan kwanaki na zaga bayan ɗakin, sai na ga jerin ya sauko har ƙirjina. Na san cin murhun, ba zai yi wannan ɓarna ba. Na tambayi Hajara, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, sai dai ka tambayi mai shi."

Abin da ban sa a cikin awona ba shi ne wannan. Inna ungozoma ce tun tana da ƙarfinta, rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka faɗo. Ta bar karɓar haihuwa, amma ba ta bar bin masu jego ba. Kowa kuwa ya san wankan jego ba ya yiwuwa da kara. Ruwa ne cikin babbar tukunya, safe da yamma, sai ya tafasa, har a yi arba'in. Bisa al'ada miji ne yake tara itacen tun ciki yana ƙarami, amma a shekarar da yawa sun kasa. Sai mata suka gane inda marke yake. Da na fita gona sai a shigo gaida Inna, a ambaci wance da ta sauka, a ce ruwanta ko ɗumi bai yi ba. Ita kuma ta ce a ɗiba.

Na shiga na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Inna, itacen nan saboda ɗakinki aka kawo shi."

Ta ce, "Nawa ne ko ba nawa ba ne?"

"Naki ne, sai dai..."

"To ai magana ta ƙare. Ba kai nake jiyowa ta katanga kana karanta wa mutane cewa ruwa da ciyawa da wuta ba a hana su ba?"

Na gyara zama na yi mata bayani a tsanake, cewa malamai sun fayyace wannan. Abin da ake nufi shi ne harshen wuta da mutum zai kunna tasa da shi, da itacen daji wanda ba a riga an mallaka ba. Wanda aka saya aka adana domin lalura, babu laifi a riƙe shi, musamman ga mai rauni irinta. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Malaman nan naka, akwai wanda ya taɓa haihuwa a cikin hunturu?"

Na ce to ta ba ni rabi in ajiye mata a zaure. Ta ce, "A'a. Abin da ya shiga hannun malami ba ya fitowa sai da hujja, ni kuwa ba ni da ƙarfin jayayya."

Na fito raina a dagule, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san hukuncin. Kyauta ce aka yi mata a gaban shaidu, ta kuma karɓa da hannunta. Tana cikin hankalinta sarai. Ba ni da ikon hana ta sarrafa abinta, ga shi kuma uwa ce, wadda aka hana ni yi mata ko da tsaki. Da jahili ne ni, da na sa kwaɗo na kulle itacen na yi barcina.

Na ce to, ai saboda irin wannan aka tanadi madadi. Na ɗaga galan ɗin kananzir, sai na ji shi sakayau. Ashe masu zuwa ɗibar itace suna zuwa da 'yar kwalba a cikin mayafi, domin fitilar ɗakin mai jego, kada a kwanta a kan jariri a cikin duhu. Risho yana nan sabo, lagwaninsa ko baƙi bai yi sosai ba, amma babu abin da zai sha. A daidai lokacin kuma kananzir ya ɓace. Na hau bayan babur na je Kura, na wuce Madobi, iska tana yanka kunnuwana ta cikin rawani. Gidajen mai babu, sai jerin galan da mata zaune a kansu tun safe. A wurin 'yan bumburutu na samu, amma da na sansana sai na ji warin fetur a ciki, irin wanda kan tashi da risho da mai kunna shi. Na mayar masa da abinsa na dawo hannu wofi.

Sannan ɗarin gaske ya sauko. Ruwan randa ya zama ba ya taɓuwa, man shanu ya daskare a kwalba, awaki suka cure a jikin bango, tsofaffi suka daina fitowa sai rana ta take. Na fara yi wa murhun ƙwauro, faskare kaɗan da magariba, kaɗan da asuba. Muka gwada kara, ya ci kamar takarda, kafin ƙarfen ya yi zafi ya zama toka. Muka gwada ɓuntu, ya toshe ragar, hayaƙi ya dawo cikin ɗaki, Inna ta yi ta tari har sai da aka fito da ita tsakar gida. Daga ranar tarin bai sake ta ba. Ya sauka ƙirji, ana jin numfashinta daga bakin ƙofa. Na karɓo mata magani a Kura, aka ce lallai a kiyaye ta daga sanyi. Na aika wa Sabi'u saƙo ta hannun direban motar tumatir, aka dawo aka ce mini ya yi tafiya sarin kaya, sai ya dawo.

A ƙofar masallaci kuwa murna ake yi. Alkama tana son sanyi, a cikinsa take yin 'ya'ya, kuma kowa ya zuba abin da yake da shi a cikinta, har da ni. Bayan an idar da salla sai a ce, "Malam, a roƙa mana Allah ya ja mana sanyin nan." In ɗaga hannu, jama'a suna amin da ƙarfi, ni kuwa kunnena yana can ɗakin kwano. Ban taɓa jin nauyin addu'a kamar na kwanakin nan ba. Daga baya sai na koma cewa Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, wasu har suna ƙorafi wai Malam ba ya kama sunan abin.

Ana cikin haka Rifkatu ta haihu. Matar Bulus ce, wani Kirista mutumin wajen Filato, wanda yake yi mana aikin ban ruwa, ni da wasu. Yana haya a wani tsohon ɗakin ƙasa a ƙarshen unguwa. Haihuwar fari ce, babu uwa babu ƙanwar uwa a kusa, kuma Bulus bai san ana tara itace ba, ko ya sani ba shi da hali. Labari ya iso gidanmu da yamma. Na zaga na dubi abin da ya rage, bai kai gwiwata ba. Na kira Hajara na ce, "Ban isa in hana Inna ba, amma ke na isa in hana ki. Ko tsinke kada ki ɗauka ki miƙa wa kowa. Idan an zo, ki ce ni na ce." Na yi niyyar in samo wa Bulus kara mai yawa daga gonata, ya yi maneji.

Washegari ranar da ake sako wa gonarmu ruwan kanal ce, ba ta ɗaguwa, idan ta wuce sai wani zagayen. Na dawo wajen azahar, ƙafafuna duk laka. Tun daga zaure na ji gidan ya yi shiru, babu tari. Na leƙa ɗakin, babu Inna, babu bargonta, babu buta, babu tabarmar salla. Na zaga baya, wurin itacen an share shi tas har da ɓawon.

Hajara ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa ko ɗaya ba. Na faɗa mata abin da ka ce. Ta ce ba ta son ta sa ni saɓa wa mijina, saboda haka ita za ta fita, kayanta su bi ta. Ta aika aka kira mata, kowacce ta ɗauki rungume guda, biyu kuma suka riƙe ta."

Ban wanke ƙafa ba na nufi ƙarshen unguwa. Mutane suna zaune a rana suna jin ɗumi, suna gaishe ni, ina ganin yadda suke bin bayana da ido. A ƙofar gidan na tarar da Bulus yana hura wuta a ƙarƙashin rabin ganga, marken Sabi'u yana ci da kyau, ganyen darbejiya yana juyawa a cikin ruwan. Yana ganina ya zube. "Baba Malam, Allah ya sani ban roƙa ba. Na ce Kaka ta koma, ta ce in rufe mata baki in ɗebo ruwa."

Na yi sallama a bakin ɗakin, na tsaya daga waje. Ɗaki ne gajere, bangonsa kauri, an kwashe garwashin wanka an zuba a kasko daga bakin ƙofa, ɗumi yana fitowa yana dukan fuskata tare da ƙamshin kunun kanwa. Inna tana zaune ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, jaririn yana kansu.

Na ce, "Inna, ki yi wa Allah ki taso mu koma gida."

Ta ce, "In koma in yi me? Abin da ya rage ba zai ɗumama ɗaki biyu ba. Nan wuta ɗaya ce, mu uku muke ci."

"Ba ki da lafiya. Ƙirjinki fa?"

"Da shi na zo, ai ban baro shi can ba."

"Me mutane za su ce? A ce uwata tana kwana a ɗakin haya, ina da rai, Sabi'u yana da rai?"

"Su ce. Yarinyar nan jiya da ruwan sanyi ta wanke jikinta, ka ji wanda ya ce wani abu?"

Sai na ce, "To salla fa, a gidan da ba a yin ta?"

Ta ɗago ta dube ni. "Alƙibla ta tashi daga unguwar nan ne? Kai, tafi ka wanke ƙafarka, ka tsaya wa mutane a ƙofa kana tare musu rana." Daga ciki na ji Rifkatu tana cewa, "Sannu Baba," da muryar mai jin kunya, kamar ita ta yi laifin.

Na koma gida ni kaɗai. Da la'asar wani sa'ana, abokin wasana tun muna yara, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, an ce Inna ta yi hijira. Ku ne mutanen da aka gudu daga gare su?" Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. A kwanakin nan ban iya karatun zaure da natsuwa ba. Safe da yamma ina zuwa da magani da abincin da Hajara ta dafa, in tsaya a ƙofa in saurari numfashinta. Kwanakin farko babu sauƙi, har na fara tunanin yadda zan ɗauki gawar uwata daga gidan wani in ratsa unguwa da ita. Ga itacen kuma yana ƙarewa, domin wankan jego ba ya ƙwauro.

Ana saura abin da bai fi na yini biyu ba sai ga Sabi'u da lodi a akori-kura. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, na ba shi labari. Ya tuɓe hula ya riƙe a hannu. "Yaya, na gina ɗaki, na sa katifa, ka kawo murhu, ka kawo risho, sannan a ce tana ɗakin leburanka? Yanzu zan je in ɗauko ta in sa a mota."

Na ce, "Je ka gwada."

Ya tafi da saurinsa. Bai daɗe ba ya dawo a hankali, hular tana kansa. Ya ce, "Ta ce sai an yi arba'in. Ta kuma ce wai na rame." Direba ya leƙo ya ce a faɗa masa inda za a sauke, yana da wani lodin. Sabi'u ya dube ni, ni ne babba. Na dubi bututun da ya leƙo ta bangon ɗakin, babu hayaƙi a bakinsa. Idan na sauke a nan, na san ba za ta dawo saboda shi ba, sai dai ta zauna can cikin sanyi ita da mai jego da jariri. Na ce, "Inda take, can za a kai."

Haka muka bi motar a ƙasa har ƙarshen unguwa. Ni da furfurata, Sabi'u da shaddarsa, Bulus yana karɓa yana jerawa, muka sauke marke a ƙofar ɗakin haya, rabin ƙauyen suna kallo. Inna ko leƙowa ba ta yi ba, sai muryarta muka ji tana cewa a jera daga inda raɓa ba ta sauka.

Allah cikin ikonsa, tarin ya fara sassautawa. Ban ce ɗakin ne ba, ban ce maganin ne ba, Shi ne mai warkarwa. Ta cika arba'in ɗinta cif, ta aske wa yaron kai da hannunta, sannan ta dawo, lokacin iska ta fara ɗumi, mutane sun fara kwana da ƙofa a buɗe. Na shiga gaishe ta, ina jiran ko za ta ce wani abu game da wahalar da aka sha. Ta zauna a bakin katifa, ta ajiye sandarta, ta ce, "Kai, malamin gidan nan. Ka gaya wa Auta, baɗi mota biyu za a kawo, kuma tun kaka, kafin ya yi tsada. Da nake can na lura da matan unguwar gabas, yawancinsu a cikin sanyi za su sauka."

Na tuna wadda nake gabanta. Na ce, "To, Inna." Haka kuwa aka yi ta yi duk shekara, har hunturun da ba ta kai ba.

Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya gafarta wa iyayenmu baki ɗaya. Kai kuma mai karatu, Allah ya ba ka haƙurin hidimar naka iyayen idan suna raye, ya kai rahama gare su idan sun rigaya, ya tsare gidanka daga cutar sanyi da sharrin wuta, ya sa albarka a cikin iyalinka da abin da suke ci. Amin.